Richmond Palmer da Gadon da Ya Bari a Ƙasar Haɗejiya

Garin Malam Madori, wanda yake kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da birnin Haɗejiya a Jihar Jigawa, ya bunƙasa ne a gefen layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, kuma yana cikin garuruwan da aka jera dalar gyaɗa a zamanin da gyaɗa ke riƙe da arzikin Arewa. A cikin wannan ƙaramar hukuma ne kuma Garun Gabas yake, wato tsohon garin da ake kira Biram a jerin Hausa Bakwai, yayin da fadamar kogin Haɗejiya ta shimfiɗu daga kudu, inda manoman shinkafa da masunta da makiyaya suke karɓa-karɓar ƙasa ɗaya gwargwadon zuwan ruwa da janyewarsa.

A 'yan shekarun nan muhawara kan sarauta ta sake zafi a Arewa, tun daga raba masarautar Kano da aka yi a 2019, da tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II a watan Maris na 2020, da mayar da shi a watan Mayu na 2024, har zuwa kiraye-kirayen da ake yi na a ba sarakuna gurbi a cikin tsarin mulkin ƙasa. Duk ɓangarorin da ke jayayya suna kafa hujja da kalmar gargajiya, sai dai kaɗan ne ke tsayawa su tantance wane ɓangare na tsarin sarautar yau aka gada daga zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da gabaninsa, wane ɓangare kuma aka ƙera a ofisoshin Turawa.

Sarki mai karɓar albashi, da hakimi mai zama a gundumarsa, da gwamna mai ikon naɗawa da tuɓewa, duk abubuwa ne da suka samu siffarsu ta yanzu tsakanin 1903 da 1930, kuma a cikin Turawan da suka tsara su babu wanda hannunsa ya fito fili kamar Herbert Richmond Palmer, wanda ya yi shekara 26 yana aiki a Arewacin Nijeriya.

Daga Lankasta zuwa Katsina

An haifi Palmer a ranar 20 ga Afrilu, 1877, a Lankasta da ke arewacin Ingila, mahaifinsa kuma limamin coci ne. Ya yi karatu a makarantar Oundle, sannan ya wuce Jami'ar Kambirij, kuma a 1904 ya zama lauya, amma a wannan shekarar ce ya karɓi aikin mataimakin Razdan a Arewacin Nijeriya, shekara ɗaya kacal bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun sojojin Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga.

Razdan shi ne Baturen da ke kula da lardi guda, lardi kuma yakan ƙunshi masarautu da yawa, sannan a ƙarƙashinsa akwai Di'o, wanda ke riƙe da yanki, da mataimakansa. Da yake Lugga ba shi da isassun mutane ko kuɗin da zai mulki ƙasa mai faɗin Arewa kai tsaye, sai ya zaɓi yin mulki ta hannun sarakuna, wato a bar sarki da alƙalansa da dogaransa a kan aikinsu, Bature kuma ya tsaya a matsayin mai ba da shawara. Shawarar nan kuwa ba irin wadda ake iya ƙi ba ce, domin takardar naɗin kowane sarki ta ɗora masa biyayya ga Gwamna.

An tura Palmer Katsina, wadda a lokacin take cikin Lardin Kano tare da Daura da Kazaure da Gumel da Haɗejiya da Katagum, kuma a can ne ya ƙware a Hausa, ya kuma shiga koyon Larabci, abin da ya ba shi damar zama da malamai da fadawa ba tare da ya rataya ga tafinta ba. Wannan ƙwarewa ita ce jarinsa a duk tsawon aikinsa, ita ce kuma ta sa na sama da shi suke karɓar maganarsa a kan al'amuran sarauta ba tare da dogon bincike ba.

Shekarar 1906

Duk wanda yake son fahimtar tunanin Turawan wancan zamani sai ya dubi shekarar 1906, wadda ta fara da tawayen Satiru kusa da Sakkwato a watan Fabrairu, inda talakawa masu bin da'awar Mahadi suka kashe Turawa uku, kafin a dawo a watan Maris a rushe garin, a hallaka mutane kusan 2,000. Sarkin Musulmi da mayaƙansa sun tsaya tare da Turawa a wannan rikici, kuma darasin da masu mulkin mallaka suka ɗauka shi ne cewa tsaronsu yana hannun sarakuna masu biyayya.

Bayan wata guda sai aka juya kan Haɗejiya, wadda tun zamanin Sarki Buhari a tsakiyar ƙarni na 19 ta yi suna wajen ƙin sunkuyar da kai, kuma ba ta taɓa sakin jiki da Turawan da ke zaune a Katagum ba. A ƙarshen watan Afrilu rundunar Kanar Lowry Cole ta shiga birnin, aka yi yaƙi a tituna har zuwa ƙofar fada, inda Sarki Muhammadu ya rasu tare da 'ya'yansa da manyan jarumansa, shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Turawa suka naɗa Haruna a gurbinsa, kuma kabarin Kyaftin Phillips, Baturen da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi, yana nan a Haɗejiya.

Abin da aka yi da bindiga a Haɗejiya, Palmer ya yi shi da alƙalami a Katsina kafin shekarar ta ƙare. Turawa sun riga sun tuɓe Sarki Abubakar sun naɗa Yero, amma Palmer ya zargi Yero da rashin haɗin kai, ya kai ƙararsa sama, aka tuɓe shi aka kai shi Lakwaja, sannan ya tsaya kai da fata sai an naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ya fito daga Sulluɓawa, alhali tun jihadi sarautar Katsina tana gidan Dallazawa ne, zuriyar Malam Ummarun Dallaje. A shekarar ce kuma Turawa suka mayar da sarautar Daura ga tsohon gidan Haɓe ta hanyar naɗa Malam Musa.

Palmer yana da shekara 29 lokacin da ya sauya gidan sarautar da ya kusa shekara 100 a kan gado. Dikko ya yi mulki har 1944, ya zama ɗaya daga cikin sarakunan da aka fi yabawa da hangen nesa, jikokinsa kuma su ne ke sarautar Katsina har yanzu, abin da ya sa masu kare Palmer ke cewa zaɓinsa ya yi kyau. Amma kyawun wanda aka zaɓa bai kawar da ƙa'idar da aka kafa ba, wato cewa ra'ayin ma'aikacin gwamnati yana iya rinjayar masu zaɓen sarki da al'adar gado gaba ɗaya.

Baitulmali da albashin sarki

Babban aikin da sunan Palmer ya tsaya a kansa shi ne baitulmali. Kalmar tsohuwa ce a tsarin mulkin Musulunci, tana nufin taskar dukiyar al'umma, amma abin da Palmer da Dikko suka fara a Katsina jim kaɗan bayan naɗin sabon tsari ne da aka sanya wa tsohon suna.

Kafin zuwan Turawa, talaka yana biyan zakka ta hatsi, da kuɗin ƙasa, da kuɗin rafi a kan noman rani, da kuɗin karofi a kan marina, makiyayi kuma yana biyan jangali a kan shanunsa, sannan duk waɗannan suna bi ta hannun jakadu zuwa ga masu sarauta da ke zaune a birni, kowa ya ɗebi rabonsa kafin saura ya isa fada. Dokar haraji ta 1906 ta dunƙule yawancinsu zuwa haraji guda, aka kawar da jakadu, aka kuma umarci hakimai su bar birni su koma zama a gundumomin da aka yanka musu, domin su tattara haraji ta hannun dagatai da masu unguwa. Abin da aka tara ana raba shi biyu, rabi na gwamnatin Turawa, rabi na sarki.

Rabon sarkin nan shi ne Palmer ya sauya wa matsayi. A da, dukiya ce da sarki ke sarrafawa yadda ya ga dama, yana ciyar da fada, yana tufatar da bayi da barori, yana yi wa malamai da baƙi alheri, amma a sabon tsari sai ta koma taska mai ma'aji da littafin shiga da fita, aka yanka wa sarki albashi, haka waziri da alƙalai da hakimai da dogarai, abin da ya rage kuma aka ware shi don hanyoyi da rijiyoyi da gidan yari da makaranta da ɗakin shan magani. Kowace shekara ana rubuta ƙiyasin kuɗin da za a kashe, kuma ba ya aiki sai Razdan ya amince.

Kano ta ɗauki tsarin a zamanin Razdan Charles Temple, sannan a 1911 aka shimfiɗa shi a sauran masarautu, har da Haɗejiya a zamanin Sarki Abdulƙadir, aka kuma ɗora wa Palmer aikin sa ido a kan kuɗin shigar masarautun Arewa baki ɗaya. Daga nan ne hukumar En'e, wato hukumar gargajiya mai 'yan doka da kotuna da ma'aikatanta, ta samu ƙashin bayanta. Da Lugga ya dawo a 1912 ya nemi ya mayar da kuɗin baitulmali ƙarƙashin kasafin gwamnatin tsakiya, sai Razdanoni irin su Temple da Palmer suka yi masa turjiya, kuma a ƙarshe ra'ayinsu ne ya tsaya, har ma a ƙarshen shekarun 1920 aka ƙara wa manyan masarautu rabonsu zuwa kusan kashi 70 cikin 100.

Ba za a musanta amfanin wannan tsari ba, domin ya raba aljihun sarki da dukiyar jama'a, ya kuma haifar da rukunin farko na malaman ofis 'yan ƙasa, waɗanda daga cikinsu ne shugabannin Arewa na farko suka fito. Sai dai ya sauya alaƙar sarki da talakawansa ta hanyar da ba a cika lura da ita ba. Sarkin da ke rayuwa da abin da jama'arsa suka kawo yana da dalilin jin tsoron ɓacin ransu, tunda suna iya yin ƙaura su bar masa ƙasa ko su mara wa wani ɗan sarki baya, amma sarkin da albashinsa ke fitowa da sa hannun Razdan, kuma sojan Turawa ke tsare masa gado, hankalinsa yakan koma ga wanda ke sama da shi. Ta haka sarki ya ƙara ƙarfi a kan na ƙasa, ya kuma rasa 'yanci a gaban na sama.

A ƙasar fadama irin ta Haɗejiya nauyin ya fi bayyana, saboda amfanin gona da kamun kifi suna bin yawan ambaliyar shekara, haraji kuwa an ƙayyade shi, kuma sannu a hankali aka daina karɓarsa da hatsi ko wuri sai da sulallan Turawa. Magidancin da ba shi da sule dole ya nemi abin da kantin Bature ke saye, kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, abin nan shi ne gyaɗa.

Borno, Sudan da tsoron Mahadi

Palmer ya riƙe Lardin Kano a matsayin muƙaddashin Razdan tsakanin 1915 da 1916, lokacin da al'amuran Haɗejiya suke bi ta teburinsa, sannan a 1917 aka ba shi Lardin Borno. A 1918 ya yi doguwar tafiya ta ƙasa, ya ratsa Wadai da Darfur har zuwa Sudan, inda ya ga Kwalejin Gordon ta Hartum, kuma ana danganta abin da ya gani a can da tunanin da ya haifar da Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta kuma yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello.

Tafiyar ta kuma ƙarfafa masa wani tsoro da ya taso da shi tun Satiru, wato cewa da'awar Mahadi za ta iya bin hanyar alhazai daga gabas ta tayar da Arewa. A 1923, yana Razdan na Borno, aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya tara mabiya a Dumɓulwa cikin ƙasar Fika, aka kai shi Buea a Kamaru, kuma bai samu cikakken 'yanci ba sai 1959, ba tare da ya taɓa ɗaga makami ba. A wurin Palmer, malamin da ke ƙarƙashin inuwar fada abokin aiki ne, wanda kuwa ya tara jama'a a wajenta abin tuhuma ne.

Gwamnan Arewa, iyakoki da layin dogo

A 1925 Palmer ya zama Laftanar Gwamna na Lardunan Arewa, wato babban jami'in da ke Kaduna a ƙarƙashin Gwamnan Nijeriya da ke Legas, kuma a shekarar ce Sarki Usman ya hau gadon Haɗejiya. A 1926 ya sake fasalin larduna, aka cire Katagum da Misau da Jama'are daga Lardin Kano aka haɗa su da Bauchi, aka bar Haɗejiya da Gumel da Kazaure tare da Kano, saboda haka iyakar da ke tsakanin Jigawa da Bauchi a yau, wadda ta raba masarautun Haɗejiya da Katagum masu tarihi ɗaya da koguna ɗaya, tushenta yana cikin wannan shawara.

Manufarsa a Kaduna ita ce masarautu su zama tamkar ƙananan ƙasashe masu cin gashin kansu a ƙarƙashin kariyar Ingila, ya kuma yi ta ƙoƙarin nisanta Arewa daga dokoki da ma'aikatun Legas. A ƙarshen zamaninsa ne aka fara tara manyan sarakuna a Kaduna domin shawara, taron da daga baya ya zama tushen Majalisar Sarakunan Arewa.

A cikin waɗannan shekaru ne aka shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, mai tsawon kimanin kilomita 230, wanda aka kammala a 1930. Aikin na hukumar jiragen ƙasa ne ta gwamnatin tsakiya, amma ya dace da tsarin da Palmer ya gina, domin baitulmali yana bukatar talaka mai kuɗi a hannu, kuɗi kuma yana bukatar hanyar fitar da amfanin gona. Layin ya bi tudu ta arewacin kogi, ta Ringim da Gagarawa da Birniwa, bai shiga birnin Haɗejiya ba, sai Malam Madori ta zama tashar masarautar, kamfanonin Turawa da Kwarori da dillalan Kano suka kafa sikeli a wurin, baƙi daga sassa daban-daban na Nijeriya suka zo suka zauna.

Sai dai jirgin ya iso ne daidai lokacin da kasuwannin duniya suka karye bayan 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, harajin kuwa bai sauka daidai da faɗuwar farashin ba, saboda albashin En'e da na gwamnati duk a kansa suka dogara. Bunƙasar da ta sa aka san Malam Madori da dalar gyaɗa ta zo ne daga baya, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma ƙare da farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975.

Garun Gabas a alƙalamin Palmer

Palmer ya bambanta da yawancin abokan aikinsa ta wajen rubutu. A 1908 ya buga fassarar Turanci ta tsohon littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, a 1926 ya fitar da fassarar tarihin Mai Idris Alooma na Imam Ahmad ibn Fartuwa, a 1928 ya buga Sudanese Memoirs a Legas cikin juzu'i uku, sannan a 1936 ya fitar da The Bornu Sahara and Sudan. Malaman Katsina da Kano da Borno ne suka samo masa takardun, suka kuma taya shi warware su, ko da yake sunansa ne ya yi fice a kansu, kuma gaskiya ne cewa wasu daga cikin waɗannan jerin sunayen sarakuna da wasiƙu da sun salwanta in ba don ya tattara su ba.

Ta cikin irin waɗannan littattafai ne labarin Bayajidda ya shiga makarantu da siffar da aka san shi da ita yanzu, wato baƙon da ya fito daga Bagadaza ya sauka Borno ya auri 'yar Mai, wato sarkin ƙasar, ya gudo yamma ya bar ta a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya wuce Gaya maƙera suka yi masa wuƙa, ya isa Daura ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Labarin na Hausawa ne, ya kuma girmi Palmer, amma fassarar da ya yi masa tasa ce.

Palmer ya yi imani da wani ra'ayi da ya yi tashe a Turai a zamaninsa, wanda ke cewa duk wata daula ko wayewa da aka samu a Afirka baƙi ne masu hasken fata daga arewa ko gabas suka kawo ta, suka ɗora kansu a kan 'yan ƙasa. Da wannan ido ya karanta kowane labarin asali, yana haɗa sunayen garuruwa da ƙabilu na nan da na Masar da Asiya saboda kamannin furuci kawai, hanyar da masana harshe ba su yarda da ita ba. Ra'ayin bai tsaya a takarda ba, domin imaninsa da tsohuwar daular Kwararrafa ne ya sa a 1926 aka sanya wani ɓangare na Tibi ƙarƙashin Aku na Wukari, lamarin da ya bar ƙulli a tsakanin Tibi da mutanen Wukari.

Masana tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ne suka warware wannan gini. Abdullahi Smith ya nuna a 1970 cewa sarautun ƙasar Hausa sun tsiro ne daga cikin gida, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, bisa noma da sana'a da fatauci, Yusufu Bala Usman kuma, a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, ya nuna yadda karanta tarihi a matsayin gwagwarmayar jinsi da jinsi ya ɓatar da Palmer. Ƙasar Haɗejiya kanta shaida ce, domin kafin jihadi ƙananan sarautu ne a cikinta, irin su Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Haɗejiya, masu kai gaisuwa Borno ta hannun Galadima da ke Nguru, kuma abin da ya tsara rayuwarsu shi ne kogi da kasuwa da maƙwabtaka da Barebari da Bade da Fulani.

Akwai alaƙa ta kusa tsakanin tarihin da Palmer ya rubuta da mulkin da ya gudanar, domin wanda ya yarda cewa mulki kullum daga baƙo mai fifiko yake zuwa ba zai ga aibi ba a ɗora sarki a kan talaka ba tare da mai tsawata masa daga ƙasa ba, haka kuma ba zai ga aibi ba a ɗora Bature a kan sarkin.

Masu yabo da masu suka

Masu yaba masa, waɗanda suka haɗa da yawancin Turawan da suka yi aiki a ƙarƙashinsa da kuma wasu daga cikin gidajen sarauta, suna cewa ya girmama Musulunci da harshen Hausa, ya bar kotunan alƙalai suna aiki, ya hana 'yan mishan kutsawa cikin biranen Musulmi, ya kuma kare martabar sarauta a lokacin da Faransawa a ƙetaren iyaka suka mayar da sarakuna ƙananan ma'aikata.

Suka kuwa ta fara ne tun daga cikin gidan Turawa. Likita Walter Miller na Zariya ya daɗe yana cewa tsarin ya bar talaka a hannun azzalumai, Donald Cameron kuma, wanda ya zama Gwamnan Nijeriya a 1931, ya yi watsi da tunanin mayar da masarautu ƙasashe masu zaman kansu, ya kuma soki yadda aka killace Arewa daga sauran duniya. A Kudu maso Gabas, inda Palmer ya zagaya a 1914 ya ba da shawarar a shigo da haraji irin na Arewa, ƙoƙarin aiwatar da haka ta hannun sarakunan da Turawa suka ƙirƙira ya ƙare da boren matan Aba na 1929.

Suka mafi nauyi ta fito ne daga 'ya'yan tsarin kansa. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa En'e garambawul saboda ta yi nisa da jama'a, a cikin watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, kuma kukanta a kan haraji da kotunan alƙalai da 'yan doka kuka ne a kan ginin da Palmer ya bari. Ƙarancin makarantun boko a masarautu irin su Haɗejiya, wanda har yau Jigawa ke fama da sakamakonsa, yana da nasaba da manufar ilmantar da 'yan kaɗan gwargwadon bukatar ofisoshin En'e.

Bayan Nijeriya

Palmer ya bar Nijeriya a 1930 ya zama Gwamnan Gambiya, sannan a 1933 aka tura shi tsibirin Saifurus, shekara biyu bayan boren da aka ƙona gidan gwamna a cikinsa. Ya mulki tsibirin har 1939 ba tare da majalisar dokoki ba, aka takura jaridu da jam'iyyu, gwamnati ke naɗa masu unguwanni da shugabannin garuruwa, kuma har yau Girkawan tsibirin suna kiran wannan zamani da sunansa a matsayin zamanin danniya. Abin da ya yi a can ya nuna yadda tsarinsa yake idan babu rawani da alkyabbar da za su lulluɓe shi.

A Arewa, an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna bayan juyin mulkin 1966, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, Gwamna Abubakar Rimi kuma ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Haɗejiya ke cikinta, bayan hawansa a 1979. Abin da bai gushe ba shi ne albashin sarki daga hannun gwamnati da ikon gwamna na naɗawa da tuɓewa, saboda haka duk mai neman a ba sarakuna gurbi a tsarin mulki ya wajaba ya fara da bayyana wanda zai riƙe wannan iko, da kuma inda talaka zai kai kuka idan sarki ya zalunce shi, tambayoyi biyu da Palmer ya amsa da kalma ɗaya, wato Razdan.

Palmer ya rasu a Keswick da ke arewacin Ingila a ranar 22 ga Mayu, 1958, saura shekara biyu Nijeriya ta samu 'yancin kai. Shekara huɗu bayan rasuwarsa, gwamnatin Jihar Arewa ta 'yan ƙasa ta kafa binciken kuɗin baitulmalin Kano a ƙarƙashin wani Bature mai suna David Muffett, kuma bisa sakamakon binciken ne Sarki Muhammadu Sanusi I ya yi murabus a 1963, aka kai shi Azare.